Wutar da Mai Burodi Ya Kashe

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron numfashi, kuma bai taɓa manta wanda ya ara wa ba.

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Malam Liman da na'ibinsa, Allah ya gafarta muku. Wakilin hukuma, wanda na ga tun ɗazu yana leƙen agogo, sannu da haƙuri. Shugaban ƙungiyar masu gidajen burodi da jama'arsa, barkanku da zuwa. Hajiya, mai ɗakin marigayi, Allah ya ba ki dangana. Manaja, babban ɗansa, da ƙannenka maza da mata, har da Auta da aka jingina mana ita cikin waya a kan tebur tana kallonmu daga nesa, Allah ya ba ku haƙuri. Ma'aikata, maƙwabta, da waɗanda suka zo don sun ji za a ci abinci, duk ina gaishe ku.

Za ku ji ina ɗaga murya, ku yi mini uzuri. Wannan dukan da kuke ji daga can ƙuryar gida, dim, dim, magini ne da gudumarsa. Ana rushe tsohon tanderu kamar yadda marigayi ya bar wasiyya. Manaja ya zaɓi yau ne saboda yau gidan burodi a rufe yake, ba za a ɓata ranar aiki ba, kuma wannan lissafi irin na ubansa ne sak. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ciki ba, a jikin tanderun akwai wani ɗan ɗaki, bango ɗaya suka haɗa, in tanderu ya faɗi ɗaki zai bi shi. A ɗakin nan yayar marigayi take kwana tun tana budurwa. Yaran gidan suna ce mata Gwaggo, mu kuma a layi Mai Wuta muka sani. Na tsaya wajen magini kafin in shigo. Ya ce daga bututun hayaƙi zai faro ya gangaro, bangon ɗakin ne ƙarshe, kuma in mai gida ya aiko a tsaya, zai tsaya. Na tambayi inda tsohuwar za ta kwana yau, duk wanda na tambaya sai ya nuna min wani. To, na faɗa muku ne don ku daina waiwaye. Mu koma kan mamaci.

An zaɓe ni in yi magana saboda shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan burodin, kuma duk wanda ya san marigayi yana yawo ba wando ya riga shi tafiya, sai ni da yayarsa. Ita kuwa ba a gayyace ta ba. Manaja ya ce min, “Baba Tela, a taƙaita, a faɗi alheri.” Na ce alheri kam zan faɗa. Taƙaitawa ce ban yi alkawari ba, don a hannun kaka na tashi, wadda in za ta ba ka labarin kura sai ta faro daga ranar da aka haifi uwar kurar.

Ya kasance mutum mai sikeli. Mu da muka ci burodinsa shekara da shekaru mun shaida, na yau nauyin na jiya ne. Shekarar da fulawa ta yi wuya, masu burodi suka taru suka ce a rage kwaɓi a ƙara yis, burodi ya kumbura ya cika ido, ciki kuwa fanko. Shugaban ƙungiya ga shi nan zaune, ba zai ƙaryata ni ba. Marigayi ya miƙe ya ce shi ba zai sayar wa mutane iska ba, Allah ya riga ya ba su kyauta. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya kasance mai tsayuwa a sahun gaba. Masallacin layinmu shi ya zuba harsashinsa, shi ya sa masa rufi, kuma da aka so rubuta sunansa a bango ya ce a goge. Ya kasance mai ciyarwa. Marayun layin nan da yawa da burodinsa suka tafi makaranta, wasu suna nan cikinku da gemu.

Ya kasance mai gaskiya, kuma bai taɓa barin kowa ya ji daɗin gaskiyarsa ba. Mun je ta'aziyyar wani maƙwabcinmu tare, kowa na cewa mutumin kirki ne, shi ya matsa kusa da matar ya ce, “Ki dage masa da addu'a, don bai cika fitowa sallar asuba ba.” Matar ta daina kuka ta buɗe baki. Da muka fito na ce, “Haba Mai Burodi.” Ya ce, “Ƙarya na yi?” Bai yi ba. Abin da ke ba mutane haushi da shi ke nan, ba ya yi.

Amma ba za ku gane shi ba sai kun san gidan da ya fito, don haka ku biyo ni a hankali.

Ubansu, tsoho mai tanderu, ya gaji sana'ar ne tare da ƙa'idoji uku. Wutar tanderu ba ta mutuwa. Burodin farko na kowace safiya ba na ci ba ne, ana sa shi a alkuki, wani ɗan rami a jikin bango irin wanda ake ajiye fitila, a kira sunayen waɗanda suka riƙe tanderun suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Su ake kira tsofaffi. Ta ukun kuwa, 'yar fari ba ta aure, ita ce mai kula da wuta. Ni ban yarda matattu na cin burodi ba. Na ga masu cin na alkukin nan da idona, da wutsiya suke. Tsohon yana sallah, yana kuma sa burodi a alkuki, in aka yi masa magana ya ce shi ba ya son faɗa da kowa, na sama ko na ƙasa. Kuma bai taɓa rage awo ba, don ya ce tsofaffi na kallon sikeli daga ramin.

To, 'yar farin nan ita ce Mai Wuta. Kada ku dube ta yanzu. A da in ta fito kwashe toka, keken ɗinki sai ya ci yatsan mutum. Akwai direban motar fulawa, dogo, mai haƙorin azurfa, in ya sauke buhuna sai ya manta wani abu a bakin tanderu, yau mataji, gobe turare. Da ya gaji da mantuwa ya je wajen tsoho a kan maganar aure. Tsoho ya ce, “Wannan ta wuta ce. Ka nemi wata.” Tana bayan ƙofa da tasar toka a hannu, ta ji komai. Direba ya nemi wata. Ya ci gaba da kawo fulawa gidan nan shekaru, 'ya'yansa na zaune a gaban mota suna ƙaruwa, ita ke ba su ɓawon burodi ta taga.

A gidan nan kuma wani ma'aikaci ya zame ya dafa bakin tanderu, fatar hannunsa ta saɓule. Tsoho ya duba ya ce tsofaffi ba sa ƙona hannu mai gaskiya, lalle ya taɓa abin da ba nasa ba. Ya sallame shi a tsaye. Marigayi, yana saurayi, shi ya goya mutumin a baya har asibiti. Ya dawo rigarsa duk ruwan ƙuna, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, “Wallahi sai na kashe wutar nan.” Duk wanda yake ganin ƙiyayyarsa da tsafi daga littafi kawai ta fito, bai ga rigar nan ba.

Ya tafi karatu, ya dawo da gemu da tabbaci. Ya jira tsoho ya mutu, don ba ya son saɓa wa uba. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba ya jawo tiyo daga famfo ya saka a bakin tanderu. Mu a layi tururi muka fara gani, fari, yana fita ta bututu, da wani wari kamar na rigar da aka manta a ƙarƙashin dutsen guga. Muka shiga muka tarar ta riƙe masa gefen riga.

Ta ce, “Ƙanena, don girman Allah.”

Ya ce, “Yau kika san girmansa? Yaya, shirka ce wannan, kuma ke aka fi zalunta da ita. Na 'yanta ki. Daga yau ki auri wanda kike so.”

A lokacin furfura ta riga ta ci rabin kanta. Ta sake rigar, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, “To je ka kira min direban. Ka tambayi matarsa ko za ta ba ni aro.”

Jama'a, yana da gaskiya. An zalunce ta. Sai dai ya zo da 'yancin ne bayan ya daina yi mata amfani, kuma ya karɓe abu ɗaya tak da aka ba ta a madadin miji da 'ya'ya. Bayan kwana biyu muka sake ganin hayaƙi. Ta ce garwashi ta ɓoye a kasko, wutar kakanni ce ba ta mutu ba. Mai kanti ya ce ashana ta saya a wajensa.

Kada wani ya ɗauka waliyiya na zo yaba muku. Hajiya, ki gafarce ni, zan taɓa wurin da bai warke ba. A shekarar nan kika haifi ɗanki na fari, bai yi wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Gida cike da mata, Mai Wuta ta shigo, ba ta zauna ba, ta tsaya a kanki ta ce, “Kun kashe musu, sun kashe muku.” Ta juya ta fita. Na daɗe a layin nan, na ji zagi iri-iri, ban taɓa jin magana mai muni kamar wannan ba. Ban manta ba, Hajiya, kuma ba zan ce ki manta ba.

Daga ranar marigayi ya gina sabon gidan burodi a gaba, da tanderun gas mai ƙyalli, ya garƙame ƙofar da ke tsakani. Ita ta koma shiga ta baya, tana gasa ɗan abin da za ta gasa wa masu son ɗanɗanon itace. Bai taɓa barin ta da yunwa ba. Kullum ma'aikaci zai kai kwano ya ajiye a bakin ƙofarta, a ƙasa, ya ƙwanƙwasa ya tafi. Gaisuwa ce babu. Yaran suka tashi sun san in sun hango Gwaggo su sauya hanya, kuma abin hannunta ba a ci.

Sau ɗaya na ga sun yi magana mai tsawo, ita ma ta bakina suka yi ta. Ta kawo zane in kalmashe mata, ya zo karɓar riga, shagona kuwa ƙofa ɗaya ce.

Ya ce, “Tela, gaya wa wannan baiwar Allah, wanda ya ƙi rage awo don tsoron rami a bango ba mai gaskiya ba ne. Ran da ya leƙa ya ga ba kowa a ramin, zai rage.”

Ta ce, “Tela, tambaye shi, sikelin da yake wa mutane taƙama da shi na wa ne? Wa ya koya masa ya ɗora kwaɓi ya ɗage yatsa? Ko da ya tafi karatun ne aka ba shi?”

Ya ce, “Gaya mata hannun da ya koya min sikeli shi ya kori mai ƙuna, shi ya hana ta aure. In kowa zai bi abin da ya tarar, wanda ya tarar da zalunci fa? Dole akwai Wanda ke sama da uban kowa, Shi zai ce wannan daidai, wannan ba daidai ba. In ba haka ba, kowane gida ya yanka wa kansa.”

Ta ce, “Na ji. To ya tambayar min, ko an ce a ajiye wa 'yar'uwa abinci a ƙasa kamar na kyanwa.”

Ya ce, “Gaya mata ciyar da ita haƙƙi ne a kaina, kuma ban taɓa fashi ba.”

Ta ce, “Gaya masa kyanwa ta gode.”

Ni dai na yi ta taka keke ba zare. Kuma in kun tambaye ni a kan ainihin maganar, bayansa nake. Na ga Malam Liman ya gyaɗa kai, ni ma haka na yi imani. Daidai da ba daidai ba, ba daga ramin bango suke fitowa ba. Amma ku riƙe gyaɗa kan, labarin bai ƙare ba.

Uwarsu da za ta rasu ta kama hannunsa ta ce, “Kada ka rushe tanderun nan a kan 'yar'uwarka.” Ya ce, “Ba zan rushe ba, Inna, muddin ina raye.” Mu da ke tsaye mun ji jelar maganar, ita kunnenta ya riga ya yi nisa. Ya cika alkawari, ko tubali ɗaya bai taɓa ba. Sai dai da Manaja ya girma ya kira shi a gaban shaidu, ina cikinsu, ya ce, “Ni na yi alkawari, kai ba ka yi ba. Ran da na mutu, kada a bar wurin tsafin nan a gidana.” Ya kasance mutum mai cika alkawari, harafi da harafi.

Kun ji dukan ya sauya murya? Ya gama da bututu, ya sauko kan rufin tanderu. Mu ci gaba.

Sai Allah ya yi ikonsa. Wata safiya yana tsaye gaban sikeli ya karkace ya faɗi. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi da shi. Mutumin da ya gyara wa layi guda karatun sallah ya koma ba ya iya neman ruwa. Da farko gida ya cika, takalma har titi. Sannu sannu takalma suka ragu. Hajiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ita ma bayanta ya ƙi, ba ta iya juya ƙaton mutum. An ɗauko masu jinya, kowa ya yi 'yan makonni ya ce uwarsa ba lafiya. Yara kuwa ba su gaza ba. Wannan ya aiko magani, wannan ya aiko gado mai ɗagawa, Auta kullum sai ta turo addu'a da muryarta a kunna masa. Ɗakin dai in ka shiga sai ka riƙe numfashi ka yi gaisuwarka a taƙaice.

Rannan sai ga Mai Wuta ta ɓullo ta ƙofar da ba ta taka ba tun Manaja bai zo duniya ba, da baho da ruwan ɗumi da tsumma a kafaɗa. Ba wanda ya kira ta. Ba kuma wanda ya hana ta, don wanda ke riƙe da bokiti a lokacin ya ji daɗin ajiyewa.

Ita ta juya shi dama da hagu. Ita ta wanke abin da ba a faɗa a taro. Ta yanke masa farce, ta daidaita masa gemu yadda yake so, ta ba shi abinci cokali cokali, in ya furzar ta goge ta sake. Ya yi shekaru a kwance, likita ya ce bai taɓa ganin wanda ya daɗe haka ba tare da ko gyambo ɗaya a baya ba. Kuma duk safiya, in tana shafa masa mai, sai ta sunkuya daidai kunnensa ta kira sunayen tsofaffi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba zai rasa ko ɗaya ba. Na ga idonsa a lokacin. Ido ɗaya ke motsi, yana juyawa kamar zai fito ya yi magana da kansa.

Na ce, “Mai Wuta, ki ji tsoron Allah. Kin san ba ya so.”

Ta ce, “To ya ce in bari mana. Ƙanena, in bari? Ka ji, Tela, bai ce komai ba.”

In lokacin sallah ya yi kuwa, ita ke yi masa alwala, gaɓa gaɓa, ta juya gadon ya fuskanci alƙibla, ta fita ta ja masa ƙofa. Ba ta taɓa makara ba. Ta ce, “Nasa na yi masa, nawa ma na yi masa. In ya isa can ya ga wanda ya yi aiki.”

Na ce, “Ashe dai kina tausayinsa.”

Ta ce, “Tausayin me? Ƙa'idar gidanmu ce, wanda ya gaji tanderu ba ya kwana cikin ƙazantarsa. Ko kare ne ya gada, haka zan yi masa.”

Wata rana da ta fita zubar da ruwa na matsa kusa da shi na ce, “Mai Burodi, maganar wasiyyar nan. In ka janye, ka lumshe ido.” Ya zuba min idon nan. Hawaye ya taru ya gangara cikin kunnensa. Bai lumshe ba, ko kuwa bai iya ba, Allah kaɗai ya sani. Na gaya wa Manaja, ya ce, “Baba Tela, ciwon ne ke sa hawaye, likita ya faɗa. Wasiyya kuma wasiyya ce.” Wataƙila haka ne.

To Malam Liman, ga abin da ya hana ni barci, na kawo maka a gaban jama'a don ni ɗinki na iya. Kula da mara lafiya, girmama uba, riƙon 'yar'uwa, duk a littafi suke, kuma yaran nan sun haddace, sun ci jarrabawa a kai, ubansu bai yi wasa da karatunsu ba. Amma hannun da ya shiga ƙarƙashinsa kullum, na wadda ta yi ne don ƙa'idar rami a bango, da kuma haushi. Shi ya san daidai ya aikata shi ba ɗumi. Ita ta yi daidai tana cusa masa abin da ya fi ƙi a duniya. Ban ce littafi ya gaza ba, Allah ya tsare bakina. Ina dai tambaya, da aka koya wa yaran su guji hannun Gwaggo, wa aka tanada ya ɗauki bahon?

Saura abu ɗaya, kuma na jinkirta shi da gangan sai da na ga farantai sun yi sauƙi. Tun da aka rufe gidan burodi yau don girmama marigayi, na jiya aka shirya kawo muku. Mai Wuta ta ji, ta tare shugaban ma'aikata ta ce, “Ba za a ci kwantai a taron ƙanena ba.” Ta kwaɓa da hannunta, ta gasa a tsohon tanderu da wutarsa ta ƙarshe, shugaban ma'aikatan kuma ya ɗauko ya jera a tebura. Shi ya sa magini ke ƙorafin tubalin na ƙona masa hannu. Burodin da kuka ci ke nan. Na ga wakilin hukuma ya ƙara, na ga Manaja ya ci biyu, alhali tun da ya zo duniya bai taɓa ɗanɗana abin hannunta ba. A'a, kada ku ajiye, abin da ya shiga ya shiga. Fulawa ce da ruwa da gishiri, Malam zai tabbatar muku.

Na farkon da ya fito kuwa, kun san inda ya tafi. Ina tsaye da safe ta sa shi a alkuki, ta kira sunaye kamar kullum. Da ta zo ƙarshe ba ta tsaya inda ta saba tsayawa ba. Ta ƙara ɗaya. Sunan yanka ta kira, wanda uwarsu kaɗai ke kiran sa da shi. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da ramin nan, yau an ba shi burodi a ciki. Na ce, “Wannan kam ba zai yafe miki ba.” Ta ce, “Ya riƙe tanderu, ya mutu, layinsa ne. Ya ci ko ya bar wa ɓera.”

Hajiya, da ke nake. An yi miki abin da ba a yi wa uwa. Amma bakin da ya faɗi maganar nan da hannun da ya wanke mijinki, jiki ɗaya ne, kuma jikin ya tsufa. Kalma ɗaya daga gare ki ta isa, ɗanki ba ya ƙetare maganarki.

Manaja, ɗana, dube ni, bar duban waya. Ba ina roƙon ka bar tsafi a gidanka ba ne. Toshe alkukin da siminti, ni zan riƙe maka cokalin magini. Bango ɗaya nake roƙo, wanda katifar tsohuwa ke jingine da shi. Ubanka ya ce kai ba ka yi alkawari ba, gaskiya ne, to ba ka kuma yi rantsuwa ba. Daga kujerarka zuwa wajen magini ba nisa, ko ɗan aike ka tura, ko hannu ka ɗaga wa shugaban ma'aikata ga shi can tsaye yana kallonka. Ni tsoho ne, zan sha ruwa, zan jira.

Na sha.

Kun ji? Gudumar ta yi shiru. Ina tsaye a nan ina kallon kowa, ban ga wanda ya tashi ba, ban ga hannun da ya ɗagu ba, don haka mun san ma'anar shirun. Bango ya faɗi, an cika wasiyya. Ya kasance mutumin da ake bin maganarsa yana raye, ga shi ana bi yana kwance. Wanda bai ƙarasa burodinsa ba ya ƙarasa, ba za a sake irinsa ba.

Na gode wa shugaban zama da ya bar ni na kai ƙarshe, na ga sau biyu ya miƙo hannu wajen lasifika ya fasa. Na gode wa iyali da suka zaɓe ni, na san ba za su ƙara ba. Na gode muku duka.

Ya Allah, ga bawanka mai burodi ya zo gare ka. Ka san bai rage wa kowa awo ba, ka san marayun da ya ciyar, ka san mai ƙunar da ya goya. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, kada ka auna shi da sikeli irin nasa, ka sa masa rangwame. Ka shiryi yayarsa, ka yafe mata maganar da ta faɗa, ka duba hannunta. Ka sanyaya zuciyar Hajiya, ka ba yaran nan 'ya'yan da za su ɗauki baho. Mu kuma da muka zauna muna tauna muna jin guduma, kada ka yi mana adalci, ka yi mana rahama. Amin.

A tashi lafiya. Mai ƙarfi ɗaya ya biyo ni, akwai katifa cikin ɓaraguzai.